Ɗan Riƙon Tungar Yari

Tungar Yari, kusa da Burkusuma
Laraba, farkon Satumba

Zuwa ga mijina Hafizullahi, wanda ya gudu Zariya ya bar ni da zawarci,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina yi maka gaisuwar da ba ka cancanta ba. Ina lafiya, sai gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi duk safiya. Gero ya nuna. Akuyata ja ta haifi biyu, ɗaya ya ɗauko goshinka sak.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Aji uku na yi a yaƙi da jahilci, malamin kuma ya fi son goro da karantarwa. Dole ce ta sa na ɗauki biro. Tun da anka kashe sabis a ƙasarmu wayata ta koma madubi. Ko da akwai sabis ma, yanzu duk wanda anka gani da waya a kunne sai a ce infoma ne, ko na mutanen daji ko na masu nemansu. Na naɗe tawa cikin leda na tura ƙarƙashin rumbu. Lawwali mai mashin, ɗan Liman Gwadabe, shi zai riƙa kai takarduna tashar Sabon Birni, kai ma ka aiko taka can.

Ɗan riƙon da ka bar mini yana gaishe ka. Ina nuhin akwatin ƙarhen nan da ka kahe bayan rumbu, da farantinshi na sola, da kofin auna ruwan sama, da doguwar sandar da ke jawo mishi sabis ɗin Nijar. Shi kaɗai ke magana da duniya a garin nan, kuma ba ya kai saƙon kowa, mugun maƙwabci. Abin da ka gaya mini ranar da za ka tahi yana kunnena: kada a motsa shi ko taku guda, kada a bari fitilarshi ta mutu, har damina ta ɗauke. Ina goge mishi faranti da bakin zane, ina cire ganye daga kofin, ina koran awaki. Ko kakarka, yayata, ban yi wa irin wagga bauta ba, Allah ya jiƙanta.

Mata na tambayata mi yake yi a ciki. Na ce masu kishi ne ya sa ka dasa shi, don ka san ko ina fita zance. Matar liman ta yarda. Yanzu in za ta wuce sai ta gyara mayahi. To ka gaya mini gaskiyar aikinshi kahin ƙaryata ta ƙare.

An ce mutanen daji sun shiga wani ƙauye wajen Kamarawa da rana tsaka, ana cikin yankan gero. Da nisa da mu. Kowa haka yake cewa, amma kowa ya rage murya.

Matarka ta fari,
Tani

*

Zariya
12 ga Satumba

Zuwa ga uwargidana Iya Tani,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Ina lafiya. A gaida gwiwa, a kuma gaida ɗan akuya mai goshin arziki.

Ga aikin ɗan riƙonki. Muna so mu riƙa sanin lokacin da ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke a ƙasar Gobir, don manomi ya san ranar shuka. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, da za a ba ta shi sai ta shekara ba ta gama ba. Shi ya sa aka haɗa kwamfutoci ɗari biyu da goma sha biyu, wasu a nan, wasu a Yamai, wasu a Maraɗi, da ƙananan akwatuna arba'in a ƙauyuka. Kin san dakan biki, yadda ake raba hatsi gida-gida, kowace mace ta daka nata a turminta, a kawo gari a haɗa? To haka ne. Ana gutsuro wa akwatinki nasa rabon lissafi, ya daka, ya aiko, a ƙara masa wani. Yana kuma gaya mana yawan ruwan da ya sauka a Tungar Yari.

A allon kwamfutata akwai taswira, kowane turmi da ɗigonsa kore. Naki ne na ɗari da sha bakwai. Duk safiya kafin in sha kunu sai na duba ki. Idan kin ga fitilarsa ta ƙifta, magana yake yi da na'urata, ki ɗauka ni ne nake gaishe ki.

Ki riƙe mini shi da kyau, Iya. In turminki bai kawo garinsa ba tuwon bikina bai cika ba. Karatuna na shekara uku yana hannunki.

Maganar Kamarawa ta tayar mini da hankali. Ki riƙa rubuto mini komai.

Mijinki mai gudun cefane,
Hafizullahi

*

Tungar Yari
Asabar

Hafizu,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya. Ban da barci da cin abinci, komi nawa lafiya lau.

Na gane bayaninka. Ashe mai daka ka kawo mini. To ka sani turminka kaɗai ke aiki a garin nan, don mu mun daina daka. Ƙarar taɓarya na tahiya nesa, tana gaya wa mai wucewa cewa akwai mutane da hatsi. Yanzu jiƙa gero muke yi mu murje a dutse kamar ɓarayi. Maza na yanka a gona, mutum guda na bisa icce yana duba hanya. Shekaranjiya wani ya tada injin niƙa bai yi sanarwa ba, anka zaci mashinan mutanen daji ne, gari duka ya watse cikin dawa. Ni da wagga gwiwa na riga matar liman isa. Da munka dawo anka yi ta dariya, har wata ta ɓuge da kuka, sauran sunka taya ta.

Abin ya matso. Sun taɓa wata tunga ta wajen Unguwar Lalle, sun tahi da mutum tara. Ɗaya na san uwarshi, tare munka yi tallan fura.

Gida goma sha ɗaya sun tashi. Fatimatu ɗiyar ƙanena ta aiko daga Gidan Runji, can Nijar, wai ta share mini ɗaki. Lawwali ya ce in hau mashin ya ƙetare da ni, tahiyar hantsi ce kawai. Na ce ina da ɗan riƙo. Ya ce, “Iya, ƙarhe ne hwa.” Na ce kai ma da anka haihe ka tsokar nama ce, ba wanda ya yar da kai.

Liman da kanshi ya zo har tsakar gidana. Ya ce sandar nan ana hango ta daga fadama, in mutanen daji sunka gan ta za su ce da ita ake kai rahotonsu, kuma ba ni kaɗai za su tambaya ba. Ya ce in sauke ta. Hafizu, na ji kunyar tsohon, gaskiya ya faɗi. Amma ka ce ko taku guda. Sai na jawo yaɗon kabewa na nannaɗe sandar tun daga gindi har kai. Yanzu in ka hango sai ka ce kabewa ce ta yi niyyar hawa sama.

Ka san ni ma riƙona anka yi. Ina shekara shida anka kai ni wurin gwaggona a Isa. Shekarar da yunwa ta kori mutane, anka ce mata ta maida ni gida ta rage baki guda. Ta ce wanda ya ba ta ni bai ce ta maido ba. Ta sayar da tasoshinta, ta riƙe ni. Ni kuwa in bar karatunka na shekara uku a bayan rumbu, awaki su yi mishi fitsari? Da wace fuska za ni gamu da yayata?

Saura kwana nawa damina ta ɗauke? Kai ne mai lissahi. Ka gaya mini rana, in ƙirga.

Tani

*

Zariya
24 ga Satumba

Iya,

Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ina lafiya. Ki tashi. Ranar da takardar nan ta same ki, ki hau mashin ɗin Lawwali ki tafi wurin Fatimatu. Ki sauke sandar, ko ki bar ta, ko ki jefa akwatin rijiya, duk ɗaya ne.

Laifina ne. Rabin bayani na yi miki, sauran kuma wasa na yi don in faranta miki rai. Ki tuna dakan biki da kyau. In aka yi rasuwa a gida ɗaya, fasa bikin ake yi? Ɗaukar hatsin ake yi a kai gidan gaba. Haka aka gina wannan aiki tun farko. In akwatinki ya yi shiru na awa ɗaya, rabonsa zai koma wa wata kwamfuta a Yamai ko Maraɗi, ba tare da kowa ya ɗaga hannu ba. Duk abin da ya taɓa dakawa yana ajiye a wuri uku. Tun farkon damina akwatuna bakwai suka mutu, wani tsawa, wani ɓera, ban rasa ko kwana ɗaya na karatu ba. Dalilin tara turame da yawa ke nan, don kada ran kowa ya rataya a kan guda.

Na ce kada a motsa shi ne don ma'aunin ruwa ya zauna wuri ɗaya. Ruwan sati biyu na ƙauye ɗaya, Iya! Akwatunan maƙwabta za su cike gurbin.

Kwana nawa ina kallon ɗigon nan kore ina cewa alhamdu lillahi tana lafiya. Ashe abin da yake gaya mini shi ne tana nan, ba ta tafi ba. Ni na ba ki riƙon, ni kuma nake cewa na karɓa. Na sauke miki. Don Allah ki tashi.

Hafizullahi

*

Tungar Yari
Alhamis

Hafizu,

Ina gaisuwa. Da raina.

Ban ga amsarka ba. Ba na zarginka. Mutanen daji sun tare Lawwali a hanyar Sabon Birni sun karɓe mashin, ya dawo da ƙahwa ba takalmi. Ba mai zuwa tasha yanzu. In ka rubuto, takardarka na can tana shan ƙura. Wagga za ni ba liman, yau suke tashi da iyalinshi, ya ce zai san yadda za ta kai gare ka.

In sun tahi saura mu biyu a gari, ni da tsoho Yero mai shanu. Shi saniyarshi ce ta kusa haihuwa, ya ce ba ya kora ta cikin wanga hali. Kowa da ɗan riƙonshi. Liman ya bar mana mabuɗin masallaci, kamar akwai wanda zai ja mu salla.

Ban so in gaya maka wanga ba, amma ka ce in rubuto komi. Jiya da hantsi na gan su. Ina bisa turmi ina goge faranti sai na ji mashina. Goma sha ɗaya na ƙirga, kowane da mutum uku, sunka bi bakin fadama. Na baya ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya sauka ya tako har bakin danga, bindiga na lilo a ƙirjinshi, ko gemu bai gama fito mishi ba. Na yi kamar ganyen kabewa nake tsinka. Ya ɗaga kai ya bi sandar da ido har ƙarshe.

Ya ce, “Tsohuwa, mi ne ne wanga?”

Na ce, “Abin korar tsuntsaye ne, jikana ya kawo.”

Ya ce, “Tsuntsu na tsoron fitila da rana?”

Na ce, “Na garin nan matsorata ne, ɗana, irin masu garin.”

Bai yi dariya ba. Karon farko ke nan da na yi wa namiji ba'a bai ko motsa baki ba. Ya ce akwai mai sanin irin waɗanga kaya a cikinsu, za su zo da shi ya duba. Da ya tahi na kasa saukowa daga turmin, sai da Yero ya zo ya kama ni. Zanena ya jiƙe, kuma ba ruwan sama ba ne. Kada ka gaya wa kowa.

Ina jin tsoro, Hafizu. Ban taɓa rubuta wagga kalma ba, ban ma san ko haka ake rubuta ta ba. Amma duk sanda na leƙa bayan rumbu sai in ga fitilar ta ƙifta, in ce to, ga mijina yana gaishe ni, yana cewa ki ƙara riƙewa kaɗan. Ina riƙe. Hadari bai daina haɗuwa ba tukuna.

Tani

*

Zariya
4 ga Oktoba

Iya,

Takardarki ta hannun liman ta iso yau, bayan kwana huɗu. Na tabbata tawa ba ta same ki ba. Wannan ma ban san ko za ta same ki ba, amma ina rubutawa don wata rana ki san abin da na yi.

Na kira duk wanda na sani a Sabon Birni, ba waya mai shiga. Na kira Gwaggo Fatimatu, ta nemi mai zuwa ɗauko ki, ba wanda ya yarda ya shiga. Akwatin ba shi da lasifika, ba shi da allo, ba zai iya gaya miki ko kalma ɗaya ba. Abu guda kawai nake iya yi masa daga nan. Ina iya kashe shi.

Tun azahar nake zaune gaban taswira. In na kashe shi, hannuna ba zai ƙara kaiwa gare shi ba, sai wani ya danna ɗan maɓallin da ke bayansa. Kuma shi ne kaɗai abin da ke nuna mini ana goge faranti a Tungar Yari, wato kina da rai. In ya mutu, ba ni da sauran ido a kanki. In na bar shi, za ki zauna har su dawo da mai dubawa.

Na kashe shi bayan la'asar. Ɗigon ya koma toka. Kafin in gama addu'a wata kwamfuta a Yamai ta ɗauki rabonsa, aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Ba ni ne nake cewa ki riƙe ba, Iya. Ban taɓa cewa ba. Ki ga ya mutu, ki yi fushi da ni, ki tsine wa karatuna in kina so, amma ki tafi.

Hafizullahi

*

Gidan Runji, gidan Fatimatu
Litinin

Zuwa ga mai kisan kai, Hafizullahi,

Sallama. Ina lafiya. Ƙahwahuna sun kumbura kamar kabewa, Fatimatu na gasa mini su. Ran nan a wayar Fatimatu ba ka bar ni na yi magana ba, kuka kawai kake yi kamar an ƙwace maka nono, mutane na tsaye suna jinmu. Shi ya sa na koma ga biro. Takardunka biyu kuma sai jiya sunka iso tare, Lawwali ya sa anka karɓo su daga tasha. Na karanta. Zauna ka ji naka.

Kai a lissahinka, in fitila ta mutu za ni ce riƙo ya ƙare, in kama hanya. Ba haka anka yi ba. Bayan la'asar na leƙa na ga duhu. Na goge faranti. Na sake gogewa. Na juya shi ga rana, na tohe shi da addu'a, na ɗan mare shi kamar rediyo. Shiru. Sai na tuna maganarka: in ta ƙifta, kai ne kake gaishe ni. To wanda ya daina gaisuwa hwa? Ban tuna da mutanen daji ba ko kaɗan. Cewa na yi mota ta buge ka, ko wani ciwo ya ɗauke ka a Zariya ba kowa naka kusa. Na zauna ƙasa bayan rumbu na kira sunan yayata.

Ba gudun raina ya fitar da ni Tungar Yari ba, ka rubuta wanga a littahinka. Neman inda waya ke shiga na fito, in ji ko an rufe ka.

Da gari ya waye na ce wa Yero ni za ni ƙetara. Saniyarshi ta haihu kwana biyu kahin nan, ya ce mu tahi. Ya saɓa maraƙi a wuya. Jakinshi guda ne, tsoho kamar mu, kuma kayan Yero sun cinye gehe ɗaya. Ɗayan gehen ko buhun gerona ko akwatinka da batirinshi da farantinshi. Ka ce kada a motsa shi, amma na ce gawa dai ɗaukarta ake yi, a kai wa mai ita. Na kwance shi, na naɗe da zanen sallata. Munka bi cikin gonaki, ba mu taka hanya ba. Sau biyu muna jin mashina muna kwantawa cikin kara, ni da Yero da saniya, maraƙi kuwa Yero ya riƙe mishi baki. Awakina sunka biyo mu da kansu, har mai goshinka. Sai bayan la'asar munka ga tutar Nijar.

Talata munka fito. Alhamis sunka shiga. Wanda ya leƙa daga baya ya ce ba rumbun da ke tsaye. Nawa ya ƙone da geron bana da wayata da na manta a ƙarƙashi. Sandar kuma sun tuge ta sun kakkarya, sun haƙa gindinta har gwiwa suna neman abin da ke ciki. Da ina nan, ni za su tambaya. Na sani. Ba sai ka faɗa ba, kuma ba za ni yi maka godiya ba, don kwana guda cur na yi ina takabarka.

Yanzu ka ce mini ba a buƙatarshi, wai wata a Yamai ta karɓi dakanshi kahin ka shafa addu'a. Hafizu, buhun gero na bari saboda wanga akwati. Saboda haka za a buƙace shi, ko kuna so ko ba ku so. Ka je ka gaya wa ta Yamai ta maido mishi da hatsinshi, mai turmi ta dawo.

Mijin Fatimatu ya kahe shi a tsakar gida kusa da randa, ya ɗaure farantin bisa rufin kicin. Nan ba sai da kabewa ba, sabis har cikin ɗaki. Na lalubo ɗan maɓallin da ka ce, na hana kowa taɓawa. Ran Juma'a in an sauko masallaci za ni danna shi da hannuna. Ka zauna gaban taswirarka. Ɗigon zai fito inda ba ka ajiye shi ba, a ƙetaren iyaka, kada ka ce kuskure ne. Ni ce.

Kuma in ta kama, ka bar ta tana ƙiftawa. In ka ƙara kashe mini fitila kana da rai, sai ka ba ni takardata.

Matarka, har yanzu,
Tani